Dandalin Babbar Majami'ar Sebiya: Me Ya Rage Na Masallacin Ishbiliya?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, kuma a watan gobe zan halarci wani taro a Sifaniya, inda aka ware mana yini guda don ziyartar birnin Sebiya. Na ji wani malami yana cewa babban cocin garin masallaci ne a da, har ma hasumiyarsa ta ladan ce aka rataya wa ƙararrawa. Wani abokina kuma ya ce ba haka ba ne, an rushe masallacin baki ɗaya, duk abin da ake gani yanzu ginin Turawa ne. Wanne ne gaskiya? Kuma idan na tsaya a dandalin, me ya kamata in duba, tunda lokacina kaɗan ne?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka, kana son sanin ko akwai sauran masallaci a jikin babbar majami'ar Sebiya, sannan kana son a nuna maka inda za ka sa ido a cikin 'yan sa'o'in da kake da su. Malamin da abokin naka kowanne ya kama gefe ɗaya na maganar. Zauren salla kam an rushe shi, babu ko ginshiƙi ɗaya da ya rage a tsaye a cikin majami'ar, amma hasumiyar da harabar masallacin da babbar ƙofarsa ta arewa suna nan, kuma hannun maginan Musulmi na ƙarni na 12 ne a jikinsu. Aikina shi ne tarihin gine-gine da gyaran tsofaffinsu, na kuma yi makonni a wannan wuri ina auna bango ina zana shi a littafi, saboda haka zan ba ka amsa ne da idon mai duba gini.

Da farko ka sani cewa abin da ake kira dandalin majami'ar fili biyu ne da suka haɗu a kusurwa. Akwai Plaza Virgen de los Reyes a gabas, daidai gindin hasumiyar, akwai kuma Plaza del Triunfo a kudu maso gabas. Daga wannan na biyun mutum yana iya juyawa a wuri ɗaya ya ga majami'ar, da katangar fadar sarki da ake kira Alkasar, da gidan adana takardun mulkin Sifaniya a nahiyar Amurka. Waɗannan uku ne hukumar UNESCO ta haɗa ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya a 1987.

Ishbiliya kafin majami'a

Sebiya, garin da masu kallon ƙwallo suka sani da Sevilla, shi ne Ishbiliya na littattafan malamanmu, kuma kafin nan Rumawa suna kiransa Hispalis. Musa bin Nusair ya ci shi a 712. Masallacin Juma'arsa na farko da aka sani ba a wannan dandali yake ba, yana can cikin gari inda cocin El Salvador yake a yau. An gina shi wajen 829 a zamanin Abdurrahman na Biyu, ana kiransa masallacin Ibn Adabbas, sunan alƙalin da ya kula da aikin. Na kawo wannan ne domin na sha jin baƙi suna tsayawa a gindin hasumiyar suna cewa a nan Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, babban malamin Malikiyya ɗan Ishbiliya, ya yi salla. Ya rasu a 1148, shekara 24 kafin a aza harsashin wannan masallaci, don haka wanda yake neman sawun ƙafarsa sai ya nufi wancan tsohon wurin.

Masallacin da muke magana a kai aikin Muwahhidai ne, daular Barbar da ta taso daga duwatsun Maroko, ta kawar da Murabiɗai, ta karɓi Ishbiliya a 1147. Halifansu na biyu, Abu Ya'aƙub Yusuf, ya yi gwamna a garin kafin ya hau karaga, yana kuma ƙaunarsa, sai ya mai da shi hedikwatarsa ta Andalus. Shi ne ya sa aka jera jiragen ruwa aka yi gada a kan kogin Wadil Kabir a 1171, kogin da harshen Sifaniyanci ya lanƙwasa sunansa ya koma Guadalquivir, ya kuma gyara tsohuwar hanyar ruwan Rumawa aka shigo da ruwan sha cikin birni. A 1172 ya ba da umarnin gina sabon masallacin Juma'a domin tsohon ya yi wa jama'a kaɗan, ya ɗora aikin a hannun sarkin maginansa, Ahmad bin Baso. An tashi mutanen unguwar da ke kusa da fada aka share wurin, aka fitar da gini mai kimanin mita 113 a faɗi da mita 135 a tsawo, mai layuka 17 na bakuna da suka nufi bangon alƙibla. An yi huɗubar farko a cikinsa a 1182.

Hasumiyar

Nan ne nake so ka fi daɗewa. An fara hasumiyar a 1184, shekarar da halifan ya rasu sakamakon raunin da ya samu a yaƙin Santarem. Ɗansa Ya'aƙub Almansur ya ci gaba da aikin, wani magini mai suna Ali Algumari ya karɓi ginin, kuma bayan nasarar da Almansur ya samu a kan sarkin Kastiya, masarautar Kiristoci ta Sifaniya, a yaƙin Alarkos a 1195, aka ɗora wa hasumiyar manyan ƙwallaye huɗu na tagulla masu ruwan zinariya a ƙololuwa, aka kammala a 1198. Idan ka taɓa ganin hoton hasumiyar Kutubiyya ta Marrakesh ko hasumiyar Hassan ta Rabat, wadda aka bari ba a gama ba bayan rasuwar Almansur a 1199, za ka gane 'yan gida ɗaya ne. Dukkansu masu kusurwa huɗu ne bisa al'adar Magrib, ba zagayayyu irin na Turkiyya da aka saba gani a sababbin masallatanmu ba, kuma wanda ya san hasumiyar Agadas ba zai ji wannan siffa baƙuwa ba.

Ka fara da gindinta, ka sunkuya. Jerin farko na ginin duwatsu ne manya, kuma a kusurwa, daf da ƙasa, za ka ga wasu fararen duwatsu masu rubutun Latin. Allunan tunawa ne na zamanin Rumawa, wasunsu suna ambaton jami'ai da masu jiragen ruwan da ke harkar man zaitun a kogin, Ahmad bin Baso ya kwaso su daga kangayen tsohon gari ya sa a harsashi domin dutse yana da wuyar samu a wannan kwari. Ranar da na fara ganinsu na durƙusa ina bin haruffan da ido, mutane suna ratsa ni suna ɗaga waya sama, babu mai kallon ƙasa. Daga 'yan mitoci sama da nan sai dutse ya ƙare, jan bulo ya karɓa, kuma wannan canjin shi ne wurin da aiki ya fita daga hannun magini na farko ya shiga na biyu.

Sai ka ja da baya ka ɗaga kai. Rabin ƙasa na bangon kusan lami ne, ba ado sai 'yan tagogi. Daga tsakiya zuwa sama ne aka shimfiɗa wani zane na bulo mai kama da raga, wanda ake kira sabka, a gefe biyu na tagogin. Abin da yawancin mutane ba sa lura da shi shi ne tagogin fuskoki huɗun ba a layi ɗaya suke ba. Kowace fuska tagoginta sun ɗan fi na maƙwabciyarta tsawo, domin suna bin hanyar hawa da ke zagayawa a ciki, kuma magini ya daidaita adon kowace fuska da wannan bambanci har ido ba ya jin an karkace. A ganina wannan ya fi zinariyar da aka ɗora a sama nuna gwaninta. Masu gyaran hasumiyar a 'yan shekarun nan sun kuma gano ragowar jan shafe a jikin bulon, alamar cewa launin ƙasa-ƙasa da kake gani yau ba shi ne mutanen da suka gabata suka gani ba.

A ciki babu matakala sai can ƙarshe. Hasumiya biyu ce, ɗaya cikin ɗaya, ta tsakiyar tana ɗauke da ɗakuna bakwai a jere bisa juna, kuma tsakanin bangayen biyu akwai gangare 35 da ake bi ana juyawa, an rubuta wa kowanne lamba. Masu yi wa baƙi jagora za su gaya maka cewa ladan yana hawa ne a kan doki. Faɗin hanyar ya isa dabba ta wuce, wannan gaskiya ne, amma a matsayina na wanda ya tsaya a kan aikin gini, abin da ya fara zuwa mini shi ne jakin da ke ɗauke da bulo da farar ƙasa zuwa sama shekara da shekaru. Gangaren kuma yana ɗaure bangon ciki da na waje ya mai da su jiki ɗaya, kuma ina ganin yana cikin dalilan da suka sa ginin ya jure girgizar ƙasa fiye da sau ɗaya.

Inda adon sabka ya ƙare, aka ga jerin ƙananan bakuna, nan aikin Muwahhidai da ake gani daga waje ya tsaya. Girgizar ƙasa ta 1356 ta jefo ƙwallayen tagullar, aka yi shekaru wajen 200 da ɗan ƙaramin ɗakin ƙararrawa a sama, har zuwa tsakanin 1558 da 1568 lokacin da magini Hernan Ruiz ya ɗora hawa na ƙararrawa da kake gani yanzu, mai ƙararrawa 24. A jikinsa an rubuta wata aya ta littafin Karin Magana na Baibul da Latin, mai cewa sunan Ubangiji hasumiya ce mai ƙarfi. A can ƙololuwa aka kafa mutum-mutumin mace na tagulla wanda ya haura tan ɗaya a nauyi, mai wakiltar nasarar addinin Kirista, yana juyawa da iska. Daga kalmarsu ta juyawa aka samo sunan Giralda, wanda suke furtawa Hiralda, har sunan ya bi hasumiyar baki ɗaya. Tsawonta yanzu ya kusa mita 100, kuma fiye da rabinsa ginin farko ne. Dole in yi wa Hernan Ruiz adalci: ya auna aikin wanda ya riga shi, ya bi faɗinsa da tsarinsa, bai fasa jikin hasumiyar ba, ya ma lulluɓe ƙaramin hawan ladan na asali a cikin nasa ginin maimakon ya rushe shi.

Me ya sa aka rushe zauren aka bar hasumiyar

Sarki Fernando na Uku na Kastiya ya karɓi Ishbiliya a ranar 23 ga Nuwamba 1248, bayan ya yi mata ƙawanya fiye da shekara guda, kuma cikin masu taimaka masa har da dakarun Ibnul Ahmar, sarkin Musulmi na Giranada, wanda ya riga ya yi masa mubaya'a. Sharaɗin miƙa wuya shi ne mazauna garin su fice, kuma sun fice, wasu zuwa Giranada wasu zuwa Magrib. Ana ba da labarin cewa Musulmin sun nemi a bar su su rushe hasumiyar da hannunsu kafin su tafi, sai ɗan sarki, wanda daga baya ya zama Alfonso na Goma, ya yi barazanar kisa idan aka cire bulo ɗaya. Labari ne na marubutan gefen masu nasara, amma yana nuna yadda suka ɗauki ginin: ganima ce mai daraja, wadda ake son duniya ta gan ta a hannunsu.

Ba a rushe masallacin nan take ba, kuma wannan shi ne abin da abokinka bai sani ba. An mai da shi coci yadda yake, aka juya fuskar ibada daga kudu zuwa gabas, aka yanka zauren da bangaye aka fitar da ƙananan ɗakunan addu'a da makwantan manya, aka ci gaba da amfani da shi fiye da shekara 150. A 1401 ne majalisar limaman cocin ta yanke shawarar gina sabo, tana kafa hujja da cewa tsohon ya lalace, musamman bayan girgizar ƙasa. Akwai maganar da ake jingina wa ɗaya daga cikinsu, wai su gina coci mai girman da duk wanda ya gan shi zai ɗauka mahaukata ne, kuma ko da maganar ta baka ce, ta dace da abin da aka gina. A fahimtata lalacewar gini rabin dalili ce kawai, domin masallacin Ƙurɗuba ya girme wannan da ɗaruruwan shekaru, amma can an bar shi, aka dasa coci a tsakiyarsa daga 1523. Sebiya gari ne na tashar jiragen ruwa mai kuɗi, limamansa suna son gini irin na Faransa da Jamus wanda zai nuna matsayinsu, kuma zaure mai gajeren rufi da ɗaruruwan ginshiƙan bulo ba ya ba su wannan.

Aikin ya kankama a shekarun 1430, ana rushe tsohon sashe-sashe ana maye gurbinsa, ana kawo dutse ta kogi daga wajen gaɓar Kadis. An aza dutsen ƙarshe a 1506, ƙubbar tsakiya ta rufto a 1511, aka sake ta zuwa 1519, ta kuma sake ruftawa a 1888. Ita ce majami'a mafi girma a duniya a salon ginin da ake kira Gotik. To amma ka lura da siffarta idan ka hau hasumiyar ka leƙo: yawancin majami'un Gotik dogaye ne masu siffar gicciye da zagayayyen kai, wannan kuwa shimfiɗaɗɗiya ce mai kusurwa huɗu, domin a kan sawun zauren salla aka aza ta. Masallacin ya tafi, amma shi ne ya yanka wa majami'ar iyakarta.

Hasumiyar da harabar sun tsira ne saboda kowannensu an sama masa aiki. Coci yana buƙatar wuri mai tsawo na rataya ƙararrawa, ga shi a tsaye ba sai an kashe kuɗi ba, yana kuma buƙatar farfajiya ta taro da binne matattu. A cikin aikina na ga wannan sau da yawa, a gida da waje, cewa ginin da ake shiga ana fita kullum yana samun mai toshe masa yoyo, wanda aka kulle don girmamawa kuwa damina uku ta ishe shi.

Harabar ita ce ake kira Patio de los Naranjos, wato farfajiyar itatuwan lemu. Bakunanta masu siffar kofaton doki mai ɗan tsini a sama na asali ne a ɓangarori biyu da suka rage, a ƙarƙashin daɓen akwai tankunan ruwa na zamanin masallaci, kuma kwanon dutsen da ke kan maɓuɓɓugar tsakiya ya girme Musulunci a ƙasar. Babbar ƙofarta, Puerta del Perdon, tana kallon titi ta arewa, ana iya ganinta ba tare da tikiti ba. An kewaye ta da mutum-mutumai da adon ƙarni na 16, amma ƙyamaren biyu na Muwahhidai ne, itace ne da aka lulluɓe da tagulla. Ka matsa kusa sosai. Fuskar tagullar cike take da ƙananan gidaje masu kusurwa shida, kuma a cikinsu an maimaita rubutun Kufi, ciki har da "almulku lillah". Mutum yana iya karantawa da kansa idan ya saba da rubutun allo, kuma na ga wani dattijo ɗan Maroko ya tsaya a nan yana karanta wa jikarsa a hankali, yana nuna mata harafi bayan harafi.

Matakalai da sarƙoƙi

Kewaye da majami'ar akwai dakali mai matakala, da gajerun ginshiƙan dutse da aka haɗa da sarƙoƙin ƙarfe. Sarƙoƙin iyaka ce tsakanin ikon coci da ikon hukumar gari, wanda ya tsallaka ciki dogaran gari ba su da hurumin kama shi. Matakalan kuwa, waɗanda ake kira Las Gradas, su ne babbar kasuwar Sebiya a ƙarni na 16. A 1503 sarakunan Sifaniya suka kafa ofishin kula da cinikin Amurka a cikin Alkasar, suka wajabta cewa duk jirgin da zai je can ko ya dawo sai ya bi ta Sebiya, don haka azurfar Meziko da Peru ta nan take shigowa Turai, kuma a kan waɗannan matakalai attajirai da dillalai suke ƙulla ciniki.

A nan kuma ake sayar da mutane. Ƙidayar da cocin ya yi a 1565 ta nuna bayi 6,327 a cikin mutum 85,538 na birnin, kuma da yawansu baƙaƙe ne da fataken Fotugal suka kwaso daga gaɓar Afirka ta Yamma. Baƙar fata sun daɗe a garin tun kafin nan, har suna da ƙungiyar addini tasu da aka kafa a ƙarshen ƙarni na 14, wadda take nan har yau. Ban ji mai jagora ko ɗaya ya ambaci wannan a kan matakalan ba sai da na tambaya, kuma ina ganin ɗan Afirka da ya zo wurin yana kukan Andalus kawai, bai tuna da waɗanda aka tsayar a wannan dakali ana duba haƙoransu ba, ya bar rabin abin da ya shafe shi.

Idan ruwa ya sauko ko rana ta yi zafi, 'yan kasuwar sukan kwashe cinikinsu su shige cikin majami'ar, abin da ya sa babban bishop ya kai ƙara wurin Sarki Filip na Biyu. Maganin da aka samo shi ne a gina musu gidan ciniki nasu, wanda Juan de Herrera ya zana aka fara a shekarun 1580, shi ne ginin nan mai kusurwa huɗu marar yawan ado da ke kudu da majami'ar. Da yashi ya cike kogin, manyan jirage suka daina isowa, aka mai da ofishin cinikin Kadis a 1717, gidan ya zama kango har talakawa suka tare a ciki. A 1785 Sarki Carlos na Uku ya mai da shi ma'ajiyar takardun mulkin mallaka, kuma yau yana ɗauke da ƙunshin takardu kimanin 43,000, shafuka wajen miliyan 80. Shiga kyauta ne, minti ashirin ya ishe ka.

Fadar da filin kansa

Jar ƙofar nan mai hoton zaki a jikin katanga ita ce mashigar Alkasar, daga kalmar Larabci alƙasru. Yawancin baƙi suna shiga su ga bakuna da rubutun Larabci su ce fadar Musulmi ce, alhali sashen da ya fi ɗaukar ido Sarki Pedro na Kastiya ne ya gina shi daga 1364, da maginan Musulmi na ƙasarsa da waɗanda abokinsa Muhammad na Biyar ya aiko daga Giranada. A goshin fadar an rubuta "wa la galiba illallah" da shuɗin tangaran, an kewaye shi da rubutun Sifaniyanci mai yabon Pedro, a ciki kuma ana kiransa sulɗan da Larabci. Wannan sarkin ne Ibn Khaldun ya zo wurinsa da saƙon Giranada a daidai wannan lokaci, Pedro ya yi masa tayin ya zauna a mayar masa da dukiyar kakanninsa na Ishbiliya, ya ƙi. Wanda yake son ginin Muwahhidai na ainihi a cikin fadar sai ya nemi ƙaramar farfajiyar da ake kira Patio del Yeso.

Filin da za ka tsaya a kai shi ne mafi ƙuruciya a cikin duk abin da na lissafa. Gindin hasumiyar a cunkushe yake da gine-gine, ciki har da inda majalisar gari da ta coci suke zama, sai a ƙarshen ƙarni na 18 aka rushe su aka buɗe wurin, kuma masu tonon tarihi sun samu ragowar wurin alwalar masallacin a ƙarƙashin daɓen. Jan ginin da ke arewa fadar babban bishop ce, ƙofarta ta farkon ƙarni na 18. Plaza del Triunfo kuwa ta samo sunanta daga wani ɗan ƙaramin gini da ke gefen ma'ajiyar takardu: ranar 1 ga Nuwamba 1755 girgizar ƙasar da ta hallaka Lisbon ta iske ana tsakiyar ibada a majami'ar, jama'a suka fito da gudu aka ƙarasa a waje, daga baya aka kafa alamar godiya a wurin.

Yadda zan raba yinin

Da ni ne, zan sayi tikitin Alkasar da na majami'ar ta intanet tun kafin ranar, domin ana ba da su ne bisa lokaci kuma layin yana cin sa'a. Zan zo da sassafe in zagaya majami'ar ta waje tukuna, daga ƙofar tagulla zuwa gindin hasumiya, in shiga Alkasar da zarar an buɗe, in bar majami'ar zuwa tsakar rana lokacin da inuwarta take da amfani, musamman idan bazara ce, da zafin garin yakan haura digiri 40. A ciki kowa zai ruga wurin kabarin Kolombus, matuƙin jirgin ruwan da ya buɗe wa Turawa hanyar Amurka, wanda aka kawo daga Habana ta Kuba bayan 1898, kuma gwajin ƙwayoyin halitta na jami'ar Giranada ya tabbatar da cewa ƙasusuwansa ne. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kabarin Fernando na Uku, wanda ɗansa ya sa aka rubuta wa yabo da harsuna huɗu, Latin da Sifaniyanci da Larabci da Ibrananci, sai dai ɗakin da yake ciki wurin ibada ne, ba kullum ake barin masu yawo su matsa kusa ba.

Hukuncin shiga coci don kallo ba fagena ba ne, wannan ka tambayi malaminka kafin ka tashi. Abin da zan iya gaya maka shi ne hasumiyar da harabar ta cikin majami'ar ake isa gare su, ba a kuma yarda a yi salla a wurin ba, don haka ka shirya inda za ka yi azahar tun da wuri. Idan ka zaɓi tsayawa a waje, ƙofar tagulla da duwatsun Rumawa da yawancin fuskokin hasumiyar suna kan titi. Kafin magariba ka shiga Patio de Banderas, filin da ke bakin mafitar Alkasar, ka juyo ka kalli arewa ta saman katanga. Daga nan ne layin da ya raba bulon Ali Algumari da hawan Hernan Ruiz ya fi fitowa sarai.